Katifar da Ka Raba Biyu

Talata, da hantsi

Yau kwana tara da rasuwarka. Na tsinci wannan littafin a aljihun rigarka da aka dawo da ita daga asibiti, littafin da kake rubuta awon katifun mutane. Rabinsa babu komai, shi ne na juya shi ta baya na fara nawa. Ka san rubutuna, kamar tonon kaza, aji shida ne iyakata. Ka yi haƙuri da shi.

Har yanzu mata na zuwa gaisuwa. Tun daga karyawa nake zaune a tabarmar tsakar gida, salla kaɗai ke tashe ni. Kowa ta shigo ta ce ya haƙuri, in ce da godiya. Babban ɗanmu ya koma wurin aikinsa jiya. Auta tana nan da jaririyarta. Yayarka ma ta tare a ɗakin baƙi, ta ce sai ka cika kwana arba'in za ta tafi.

Ɗazu Yaya ta miƙo mini kofi ta ce, "Matarmu, leɓenki duk ya tsage. Ki sha ruwa mana, kukan ma da ruwa ake yin sa." Na karɓa na taɓa bakina, na tura kofin bayana.

Tunda ba mai karantawa, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Fitsari ba ya tsaya mini. Shekara uku ke nan. In na yi tari, in na yi atishawa, in na miƙe da sauri, sai in ji ɗumi. Wani lokacin ba tari ba komai, kafin in kai banɗaki ya riga ni. Tsofaffin zannuwana nake yagawa ina ninkawa. Ban taɓa faɗa maka ba, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Daga yau sunansa abin nan.

In ban sha ruwa ba yana raguwa. Dabarata ke nan.

Laraba, bayan azahar

Kofi ɗaya da safe. Tsumma uku. Ba wanda ya lura.

Juma'a, da sassafe

Ba na son buɗe ido da safe, saboda abin da nake fara gani gadonka ne, can jikin taga. Taku uku ne tsakaninsa da nawa. Na sha ƙirgawa.

Shekara biyu da suka wuce, wata Asabar, ka sa aka ɗauki katifarmu zuwa shago, ka ce za ka sake mata riga. Katifar da ka yi mana da hannunka, wadda ka zaɓi sosonta da kanka ka ce ko sarki ba zai samu irinsa ba. Da yamma ta dawo biyu. Ka yanka ta daidai tsakiya, ka ɗinka wa kowace rigar shuɗin yadi mai fure, Kafinta maƙwabcin shagonka ya bugo ƙananan gadaje biyu.

Ka ce, "Ranki ya daɗe, bayana ke ciwo, ina yawan juyi. Kar in riƙa hana ki barci."

Na ce to. Har na ce ɗinkin ya yi kyau.

Shekara talatin da shida muna kan katifa ɗaya, ko ranar faɗa baya muke juya wa juna, ba mu rabu ba. Na san dalili. Ka ji zarni ne, kunya ta hana ka faɗa. Kai mutum ne mai kara, ko gishiri ya yi yawa sai ka ce harshenka ne.

Tawa katifar zafi gare ta. Na taɓa yi maka ƙorafi, ka ce sabon ɗinki ne, za ta saki. Ba ta saki ba.

Asabar, bayan la'asar

Yau na yi abin da ba zan manta ba.

Maƙwabciyarmu mai baki, wadda kake kira Rediyo, ta zo ta zauna kusa da ni. Ta fara ba mata labarin ranar da mijinta ya sayi katifa a wurinka. Ta ce, "Marigayi ya daki katifar nan ya ce, wannan ko babbar mota ta hau ba za ta lotsa ba. Wallahi ni da tsohon nan nawa wata shida muka mai da ita tabarma. Da na kai ƙara sai ya ce, ai ni mota ɗaya na ce, ban ce biyu ba."

Mata suka fashe. Ni ma na yi dariya, ta farko tun da ka tafi. Ban iya tsayar da ita ba, abin nan ma ban iya ba.

Da aka kira salla na miƙe, ga shi nan a tabarma, faɗin faranti. Yaya ta gani. Jaririyar Auta tana kwance a gefena, sai Yaya ta ce, "Auta, wannan 'yar taki ta yi mana ban-ruwa. Wane irin kunzugu kike ɗaura mata, ke da kika yi boko?"

Auta ta sa hannu ta taɓa yarinyar. Na ga hannunta, na ga ta ɗan tsaya. Sai ta ce, "Ni ce ban ɗaure da kyau ba, Gwaggo." Ta naɗe tabarmar ta kai bakin famfo.

Na bar 'yar wata huɗu ta ɗauki laifina. Ina tsaye ina kallo.

Lahadi, da hantsi

Rabin kofi.

Talata, bayan azahar

Yaya ta shigo ɗakinmu ba sallama tana dube-dube, hannu a ƙugu. Ta ce ranar da ka cika arba'in za a fitar da komai, a share, a raba kayanka. Katifarka a ba wani mabuƙaci ya samu ladan kwanciya, tawa kuma a shanya ta a rana.

Na ce tawa ba ta buƙatar rana.

Ta ce, "Kowace katifa tana son rana, ke matar mai katifa ce za a koya wa? Kuma wannan turaren da kike bankawa safe da yamma, sai ka ce ɗakin amarya. Ni har ya fara sa ni tari."

Na ce kai ne kake son sa. Ba ƙarya na yi ba, kai ma kana kunnawa.

Saura kwana ashirin da huɗu. In suka ɗaga katifar nan a gaban mutane, in suka juya ta, shi ke nan. Shekara biyu tana sha. Ina shimfiɗa tsumma a kai, ina goge ta da sabulu in kun fita, amma na san soso, na zauna da kai na ga yadda yake riƙe abu. Ciki duk ya ruɓe, ba sai an faɗa mini ba.

Alhamis, da safe

Sallata ce ke damuna. Kowace salla sai na sake zani, na sake alwala, in na yi ruku'u kuma in ji shi. In sallame in sake. Jiya azahar sau uku na yi ta. Addu'ar da nake yi maka, ban sani ba ko tana wuce rufin ɗakin nan.

Asabar, bayan asuba

Irin wannan lokacin ne. Shi ya sa na tashi na ɗauko littafin.

Abin da ban taɓa faɗa maka ba yana da yawa. Tun da al'ada ta ɗauke mini jikina ya canza. Na bushe. In ka matso sai in ji kamar ana goga mini yashi, in ciji filo in yi shiru, don kar ka ji ba daɗi. Kai ma ka fara ja da baya. Wani lokacin ka fara ka bari, ka ce gajiyar shago ce. Na ɗauka ni ce na daina yi maka, tsufa ya kama ni, me za ka gani.

Ranar ƙarshe, kwana uku kafin ka yanka katifar, bayan asuba ne. Ka dawo daga masallaci ka kwanta, ka ce, "Ranki ya daɗe, an manta da talaka." Na yi dariya. Ba mu yi nisa ba na ji zanin gado ya jiƙe tsakaninmu. Ka tashi zumbur ka shiga banɗaki, ka daɗe ƙwarai. Kafin ka fito na yaye zanin na cusa a bokiti na shimfiɗa wani. Ka fito ka sa riga ka tafi shago ko shayi ba ka sha ba.

Ba ka ce komai ba. Ban ce komai ba. Daga ranar ko hannuna ba ka sake riƙewa ba, sai a asibiti.

Bayan nan ne ka daina ba ni wankinka, ka ce akwai mai wanki kusa da shago. Bayan nan ne kuma ka fara cewa, je ki duba Auta ki kwana biyu, ki huta. Duk bayan wata biyu sai ka tura ni. Ina tafiya ina kuka a mota, ina cewa ko numfashina ma ya gundure shi.

Litinin, da la'asar

Yau ban sha ba sam, sai da zan haɗiyi maganin ciwon kai. Baƙi sun ragu, amma Yaya tana da ido.

Laraba, da hantsi

Auta ta tambaye ni ko na gane abin da likita ya ce ranar nan. Na ce a'a, ai yayanku ya kira gefe.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. An kira ni an ce ka faɗi a shago. Na same ka a gado, mararka ta kumbura kamar an cusa ƙwarya. Da za su sa maka robar fitsari ka ce in fita, ka ce ma a kira namiji. Da na dawo ga jaka a rataye a jikin gado, abin ciki ja. Ka ja bargo ka rufe ta, kai da ko kofi ba ka iya ɗagawa. Kwana huɗu kana rufe jakar nan duk sanda na shigo.

Daga bakin ƙofa na jiyo kalma uku: mafitsara, ƙoda, da an zo da wuri. Da na tambayi Babba sai ya ce, "Umma, kwana ne ya ƙare."

Haka ne. Kwana ne ya ƙare. Ban sake tambaya ba.

Juma'a, bayan azahar

Abin nan yana ƙuna yanzu. Ɗan kaɗan yake fita, launin shayi, amma sau goma. Kwiɓina na dama yana ciwo kamar an soka basilla. Na ce wa Auta zaman tabarma ne.

Ta ce, "Umma, mu je a duba ki."

Na ce mai takaba ba ta yawo.

Ta ce, "Asibiti ba yawo ba ne."

Na ce ke kika haife ni ko ni na haife ki? Ta fita. Ta bar kofi a bakin gado.

Asabar, da safe

Zazzaɓi. Na lulluɓa da bargonka. Saura kwana goma sha uku.

Litinin, bayan la'asar

Kafinta ya zo. Ya zauna a benci a ƙofar gida, ni ina daga ciki bayan labule. Ya kawo makullin shago da wani ƙulli babba, ya ce wannan ka ce na gida ne, ba na sayarwa ba.

Na kwance. Ragowar bandir ne na shuɗin yadin nan mai fure, irin na katifunmu. A cikinsa rigunan katifa huɗu, ɗinkakku, a ninke. Kowace ka yi rubutu da alli a bakinta, kamar yadda kake wa na mutane. Biyu an rubuta nawa, biyu an rubuta nata.

Na ce, me za mu yi da riguna har huɗu, namu ko kodewa ba su yi ba?

Ina jin yana murza hularsa.

Ya ce, "Uwargida, ya ce kar in faɗa. Shekara biyu na riƙe, ga inda riƙon ya kai mu. Duk sanda kika tafi gidan Auta, da ni ake ɗauko katifun nan a kai shago. Ya rufe ƙofa ya sake musu riga shi kaɗai, mu dawo da su kafin ki dawo. Shi ya sa ya sayi bandir guda, don kar ki ga bambanci. Mutum nawa suka so yadin nan ya hana."

Na ce, saboda me?

Ya ce, "Ba shi da lafiya, Uwargida. Fitsari. Wani lokacin ya tsaya minti goma ba ya fita, wani lokacin ya zubo bai sani ba. Jarka yake ajiyewa bayan soso. Wando uku yake sakewa a rana, ya wanke da kansa ya shanya a bayan shago. Babu wani mai wanki. Rana ta ƙwalle, muna shan ruwa, shi ko ɗigo, sai ya ce ba ya jin ƙishi. Masallaci ma ya koma sahun baya, kusa da ƙofa."

Na riƙe labulen.

Ya ce, "Na ce masa, abokina, mu je asibiti. Ya ce, ni da furfura in je in kwance wa sa'an ɗana wando? Na ce to ka gaya wa mai ɗakinka. Ya ce, tana da abin da ya dame ta, ba zan ƙara mata ba."

Na ce, wane abu?

Ya ce, "Bai faɗa ba. Ni ma ban tambaya ba."

Ya yi maka addu'a ya tafi. Ban iya cewa amin da ƙarfi ba.

Talata, da hantsi

Yaya ta tafi kasuwa, Auta tana wanki a waje. Na kulle ɗaki na ɗauko reza.

Katifarka na fara farkewa. Ɗinkinka yana da wuyar kwancewa, ka sani, kullum kana alfahari da shi. Ƙarƙashin rigar leda ce, irin wadda ake naɗo soso a ciki, duk ta tsattsage. Soson ya yi rawaya, tsakiyarsa ya yi baƙi ya lotsa, ina taɓawa yana marmashewa. Wani wurin har da ja. Zarnin ya bugo ni sai da na zauna a ƙasa.

Shekara biyu ina jin sa a ɗakin nan ina cewa nawa ne. Ina kunna turare don kai, kana kunnawa don ni.

Sannan na farke tawa. Har na yanki yatsa.

Ƙarƙashin rigar wani siririn bargo ne mai laushi. Ƙarƙashin bargon roba ce, mai kyau, irin wadda kake sa wa katifun asibiti, ka bi ta da ɗinki ƙanana-ƙanana ta kowane gefe don kar ta yi ƙara in na juya. Na ɗaga ta. Soson fari tas, kamar yau ka yanka shi. Ko ɗigo bai taɓa kai wa ba.

Shi ne zafin da nake ji. Ka ce za ta saki.

Ka sani ke nan. Tun yaushe?

Talata, bayan azahar

Jiƙar ranar nan ta bayan asuba, ta wa ce?

Laraba, da safe

Yau fushi nake da kai, kuma ba zan ɓoye ba.

Na bi littafin nan shafi-shafi ta gabansa ko ka bar mini kalma. Babu. Shida da huɗu, shida da uku, kauri kaza, yadi kaza. Ka iya zama ka yi ɗinki dubu don kar in ji kunya, amma ba ka iya buɗe baki ka yi magana ɗaya ba. Ka ba ni roba mai kyau ka kwanta a kan leda. Wa ya roƙe ka? Ni roba nake so? Shekara biyu ina kwana ina kallon bayanka daga taku uku, ina cewa ƙyamata kake.

Ni ma haka. Na sani. Ba sai ka faɗa ba. Da na ce maka ga abin da ke damuna, wataƙila da ka ce ni ma. Da mun yi dariya, da mun jiƙa ta tare, da mun tafi asibiti a mota ɗaya kamar masu zuwa biki. Muna ta yi wa juna kara har ta kai ɗayanmu ƙasa.

Allah Ya gafarta maka. Allah Ya gafarta mini. Ba na jayayya da kwana.

Laraba, da yamma

Zazzaɓin ya ƙaru. Na tashi zan je banɗaki jiri ya ɗebe ni, na dafa gadonka. Na ga kofin da Auta ta ajiye, na ji bakina yana shirin cewa ba na jin ƙishi. Maganarka ce, kalma da kalma.

Na shanye shi. Na kira ta ta ƙaro.

Alhamis, da hantsi

Na ce wa Auta ta rufe ƙofa ta zauna, kuma kar ta kalli fuskata. Ta zauna a bakin gadonka, ta ga soson.

Na faɗa mata. Ban ce abin nan ba, na kira shi da sunansa. Na faɗa mata naka ma, iya abin da ya dace 'ya ta ji.

Ta ce, "Umma, na sani tun ranar tabarma. Yarinyar a bushe take."

Na ce, shi ne kika yi shiru?

Ta ce, "Na ji kunyarki."

Na ce, ke ma jinin ubanki. Gidan nan kunya za ta ƙarar da mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta sa kanta a cinyata tana kuka, ni ma ina yi, har na ji ɗumi. Na ce tashi, na jiƙa ki. Ta ce, "Ai ni na fara, shekara talatin da suka wuce. Ramuwa ce." Ban so yin dariya ba.

Juma'a, bayan azahar

Mun je asibiti. Layin mata ya kai har bakin matakala, da yawa sa'o'ina, kowa ta zauna a gefen benci da ɗan ƙullinta a jaka. Na gane zaman, irin nawa ne.

Nas ɗin ba ta kai Auta ba. Ta tambaye ni haihuwa nawa, na ce bakwai, biyar a raye. Ta ce tun yaushe, na ce shekara uku. Ta ajiye biro ta ce, "Mama, shekara uku? Ruwa fa, kofi nawa kike sha?" Na ce rabi. Ta ce, "Innalillahi. Kina so ki kashe ƙodarki ne?"

Auta ta fita waje.

Likita ta ce ciwon sanyi ya hau har sama, saura kaɗan a kwantar da ni. Ta ba ni magani na kwana goma, ta ce ruwa, ruwa, ruwa. Ta koya mini wani matsewa da zan riƙa yi kullum, ta ce zai ragu, ko da bai tafi duka ba. Ta ce salla kuwa in tambayi malamai, akwai sauƙi ga mai lalura.

Sai ta rage murya ta ce, in akwai bushewa ko zafi wajen kwanciya da maigida, shi ma akwai maganinsa, ɗan man shafawa ne kawai, mata da yawa suna fama.

Na ce maigidan ya rasu.

Ta ce Allah Ya jiƙansa. Ta ci gaba da rubutu.

Ɗan man shafawa ne kawai.

Lahadi, da safe

Kofi shida jiya. Tsumma bakwai. Zazzaɓi ya sauka.

Na kira Babba a waya na ce in ya kai shekarunka, ko kafin nan, duk ranar da ya ga canji ya je a duba shi, kuma ya gaya wa matarsa. Ya ce, "Haba Umma." Na ce ba haba. Sannan ya ce to.

Juma'a, da la'asar

Yau arba'in. An yi addu'a, an raba kayanka. Kafinta ya ɗauki tef ɗinka na awo, ya ce shi kaɗai yake so.

Da aka zo kan katifa na ja Yaya ɗaki na nuna mata. Ta daɗe tana kallon soson. Ba ta toshe hanci ba. Ta ce, "Babanmu ma haka ya tafi. Mu aka hana shiga ɗakinsa." Ta share ido da bakin mayafi, ta fita ta ce wa mutane katifa ba ta bayuwa, matarsa tana so.

Mun yanke inda ya ruɓe ni da Auta, muka cike da guntayen soso daga shago, muka sa mata ɗaya daga cikin rigunan da ka ɗinka. Ban goge allin ba. Ɗinkina ya karkace, da ka gani da ka ce ranki ya daɗe, wannan da ƙafa aka yi shi?

Asabar, bayan asuba

Jiya na sa Auta ta taya ni muka tura gadonka ya haɗu da nawa. Taka ta fi tawa ƙasa da yatsa biyu, kuma akwai rami a tsakiya inda ka yanka.

A ramin na kwana. Na tashi a jiƙe, rabi a tawa, rabi a taka.